INA 'YAN AREWA A BIKIN MASU ZANE NA IKKO?

A ko wace shekara, yawanci wajen watan Satumba, a kan yi wani babban taro a birnin Ikko wanda galibin 'yan Arewa mazauna wannan birni ba su ko san da zamansa ba, waɗanda suka ji labarinsa kuwa sun ɗauke shi a kan shashanci ne kawai na 'ya'yan masu hali. Sunan wannan taro Lagos Comic Con, watau bikin baje kolin littattafan labari masu zane, da fina-finan katun, da wasannin kwamfuta. Wani mai buga irin waɗannan littattafai da a ke kira Ayodele Elegba shi ne ya kafa shi a cikin 2012, kuma daga ɗan ƙaramin taro ya bunƙasa har ya kai ga a kan kama masa manyan ɗakunan taro, kamar na Landmark da ke Victoria Island.

Duk wanda ya shiga ɗakin, abin da zai fara cin karo da shi shi ne hayaniya irin ta ranar kasuwa. Ga tebura nan jere, a bayan ko wane tebur ga saurayi ko budurwa da littattafan da suka zana da hannunsu, suna tallar su, suna kuma sa hannu a kan bango ga wanda ya saya. A wani gefe ga yara sun yi cincirindo a gaban manyan alluna suna gasar wasan kwamfuta. A wani ɗaki kuma ƙwararru ne ke ba da lacca a kan yadda a ke mai da zane ya yi motsi, da yadda a ke neman kuɗin aiki. Sa'an nan ga waɗanda suka fi jan ido, watau masu shigar kwaikwayo: wannan ya shigo cikin jajayen kayan Spider-Man, wancan ya ɗaura ƙyalle a goshi irin na Naruto na ƙasar Japan, wata kuma ta rataya takobin kwali da garkuwar roba. A kan hau da su kan dandamali, alƙalai su duba, a ba wanda ya fi gwaninta kyauta.

To, a nan ne dattijon da ya taso daga Agege ko Idi-Araba zai kama baki, ya ce lalle duniya ta zo ƙarshe, ƙato da gemunsa ya yi shigar gizo-gizo. Amma kafin ya yanke hukunci ya kamata ya tuna da ƙuruciyarsa. Ashe ba shi ne ba, da zarar azumi ya kai goma, ya ke manna gemun auduga, ya cusa tsumma a ciki, ya ɗauki sanda, ya bi gida gida yana tashe? Wa ya manta da Jatau Mai Magani da tarkacen sayunsa, ko Macukule? A Kano har yau a na maganar Nalako, sarkin gwagware, da irin shigar da ya ke yi ran farautar marasa mata. Bahaushe ya san shigar kwaikwayo tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙago Spider-Man a 1962. Bambancin kawai shi ne ɗan tashe kwabo da hatsi a ke ba shi, su kuwa waɗannan sun gina wa nasu wasan kasuwa.

Asalin irin wannan taro daga Amurka ya fito, inda aka fara wanda ya fi suna a birnin San Diyego a 1970. Amma karatun labari mai hoto ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. Dattawan da suka yi samartaka a ƙarshen shekarun 1960 za su tuna da mujallar African Film da jaruminta Lance Spearman, ɗan gayen nan mai malafa da sigari, wanda samari suka riƙa rububinsa daga Ikko har Kano. A 1976 kuma Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super, wadda a cikinta aka haifi Papa Ajasco mai sanƙo, wanda daga takarda ya tsallaka cikin talabijin, ya zama jarin kamfani guda. Watau tun a wancan lokaci mutanen Kudu suka gane cewa ɗan zanen da yaro ke yi a bayan littafin lissafi, wanda malami ke zane shi a kai, yana iya ciyar da gida.

A yau al'amarin ya wuce nan. Kamfanin Comic Republic, wanda Jide Martin ya kafa a Ikko a 2013, ya ƙago nasa jaruman, irin su Guardian Prime mai kaya kore da fari, launin tutar Nijeriya, ya zuba labaransu a intanet kyauta, yana kuma samun kuɗin shiga ta hanyar yi wa kamfanoni aikin zane. A 2024 kamfanin Disney na Amurka ya fito da wani katun mai suna Iwájú, labarin birnin Ikko na nan gaba, wanda ya yi tare da wasu samari 'yan Afirka masu kamfanin Kugali. A 2025 kuma tashar Cartoon Network ta fara nuna Iyanu, labarin wata yarinya marainiya wanda aka gina a kan al'adun Yarabawa. Yaran Amurka da na Ingila suna zaune a ɗakunansu suna koyon sunaye da tufafi da garuruwan Yarabawa ba tare da an sa su ba.

Amma abin da ya fi dacewa ya tsaya wa ɗan Arewa a rai shi ne wani littafi na mutumin da ya rubuta Iyanu ɗin, watau Roye Okupe, haifaffen Ikko mazaunin Amurka, mai kamfanin YouNeek Studios. A 2017 ya fito da labarin wata sarauniya mayaƙiya da ya kira Malika, wadda ke mulkin wata daula mai suna Azzaz a Afirka ta Yamma a ƙarni na 15. Mai karatu ya maimaita sunan daular nan a bakinsa sau biyu, zai ji inda aka dosa. Shi kansa marubucin bai ɓoye ba cewa tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ne ya zaburar da shi. A 2019 aka yi ɗan gajeren katun na labarin, 'yar wasan nan Adesua Etomi ta ba Malika murya, da Turanci. A 2021 kuma babban kamfanin buga littattafai na Amurka, Dark Horse, ya ƙulla yarjejeniya da Okupe ta buga littattafansa guda 10, har da na Malika.

Ga dai Amina, 'yar Bakwa Turunku, wadda Tarihin Kano ya ambace ta, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarinta a cikin Infaƙul Maisuri, wadda har yau a ke jingina mata ganuwoyin garuruwa, wadda a Jami'ar Ikko ma akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunanta. An sāke mata suna, an ɗinka mata sabon sulke, an kai ta kasuwar duniya, a na sayar da ita da dala. A wannan shekara ta 2021 ɗin kuma aka sa fim ɗin Amina na Izu Ojukwu a Netflix, shi ma da Turanci, aka yi ta gunaguni a Arewa cewa tufafin ba su yi ba, al'adun ba su yi ba, harshen ba shi ne ba.

Gunagunin yana da tushe, amma ba shi da amfani. Ba wanda ya yi sata. Tarihi ba gonar gado ba ce da za a kai ƙara gaban alƙali, kuma aron labari tsohuwar al'ada ce ta marubuta. Shi kansa Alhaji Abubakar Imam, da ya zauna rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930, ya ɗebo daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa, ya rina su da Hausa har ba mai cewa ba a gindin Kufena aka haife su ba. Okupe ya ga dukiya a yashe, ya ɗauka, ya yi mata aiki da iyakar saninsa, kuma ya cancanci yabo. Idan rawanin da ya zana bai naɗu daidai ba, to, mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo, shi kuwa mai ɗakin bai zo taron ba.

Alhali kuwa in a na maganar kayan labari, rumbun Hausa cike ya ke. Ga Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, labarin da ke da baƙo, da takobi, da dodo, da sarauniya, duk abin da mai zane ke nema. Ga Barbushe a kan dutsen Dala da Tsumburbura. Ga Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami, waɗanda in aka ba su fuska guda da yara za su sani, za a yi shekara ashirin a na zana su ba su ƙare ba. Ga Ganɗoki na Bello Kagara, da Ruwan Bagaja, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ba abin da jaruman Amurka za su nuna masa wajen ƙarfi. Har labarin sararin samaniya ma akwai, domin tun a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a wata, Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya. Wajen kayan ado kuwa sai mutum ya tsaya a hawan Daushe ko hawan Nasarawa ya dubi 'yan lifidi da 'yan sulke da kwalkwalinsu mai gashin jimina, da dogarai cikin ja da kore. Wanda ya shiga gasar shigar kwaikwayo da irin wannan kaya, masu kwali da roba sai su koma gefe.

Ba kuma hannu aka rasa ba. Masu zanen bayan manyan motocin da ke kawo tumatir da albasa kasuwar Mil 12, da zakunansu da dawakansu da jiragen samansu, masu zane ne. Haka samarin da suka riƙa zana bangon littattafan soyayya na Kano, da masu zayyanar allo, da maginan da ke yi wa soro dagi, da matan da ke ɗinkin hula. Abin mamaki ma shi ne da dama daga cikin manyan masu zane na Kudu a Arewa suka koyo. A Zariya ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu wadda ta sāke fasalin zane a Nijeriya, kuma har yau sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan yana yaye ɗalibai. Rijiya a gidan mutum, shi kuwa yana kwana da ƙishirwa.

Mai karatu zai ce, to, wannan aikin mutanen Kano da Zariya ne, ina ruwan ɗan ci-rani da ke fama da kuɗin haya a Obalende? Ruwansa ya fi na kowa, saboda dalili biyu.

Na farko 'ya'yansa. Yaron da aka haifa a Zangon Agege ko Sabo ta Badun yana tashi da harshe uku ko huɗu a baki. A makaranta Turanci, a titi Yarabanci da burokin, a gida Hausa. Amma a ba shi takarda da Hausar boko a ce ya karanta, sai ya yi ta inda-inda, domin da wuya a sami makarantar da ke koyar da ita a nan Kudu. Kakar da za ta ce masa ga ta nan ga ta nanku tana can Ɗanbatta ko Gumel, sai da Salla a ke ganinta, in an sami kuɗin mota. Uban ya fita tun asuba, bai dawo ba sai bayan lisha. Wa ke ba yaron nan labari? Wayar uwarsa. Kuma abin da ke cikin wayar shi ne Naruto da 'yan'uwansa. Yaro ba ya zama ba jarumi a ransa, in ba a ba shi na gida ba zai aro na waje. Littafi mai zane kuwa, wanda hoto ke ɗauke da rabin maganar, shi ne hanya mafi sauƙi da irin wannan yaro zai kama karatun harshensa ba tare da bulala ba.

Na biyu kuwa sana'a. Kowa ya ga abin da ya sami 'yan acaɓa. A 2020 Gwamnatin Jihar Ikko ta hana su bin manyan hanyoyi da wasu unguwanni, a 2022 kuma ta sāke hana su baki ɗaya a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, aka kama babura aka murƙushe. Sana'ar ƙarfi a garin wani, rana guda a ke soke ta da sanarwa a rediyo. Littafi guda mai zane kuwa yana ciyar da mutum biyar ko fiye: mai tsara labari, mai zanen fensir, mai bi da tawada, mai sa launi, da mai rubuta maganganu, ban da mai buga shi da mai sayarwa. In ya zama katun, sai a nemi masu murya da masu kiɗa. Samarin Kano da suka mai da fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa sana'a sun riga sun nuna cewa akwai masu sauraro, daga Maraɗi har Kumasi. Kuma yawancin wannan aiki a kan kwamfuta a ke yin sa, mutum yana ɗakinsa a Agege a aiko masa da aiki daga wata ƙasa. Ba ɗan sandan da zai tare shi a kan gada.

Akwai maganar addini, kuma ba abin da za a share ba ne. Hadisai sun yi gargaɗi mai tsanani a kan masu yin sura, malamai kuma sun yi bayani mai tsawo a kan bambancin gunki mai inuwa da zanen da ke kan takarda, da abin da aka yi rangwame a kai domin wasan yara da koyarwa. Wannan fage ne na malamai, kuma ko wane uba ya san malamin da ya ke tambaya. Abin da kawai za a ce shi ne wasu ƙasashen Musulmi sun shiga wannan harka da ƙarfinsu. A Malesiya, katun ɗin nan na tagwaye Upin da Ipin an fara shi ne a 2007 domin koya wa yara azumin Ramalana, ya kuma zama abin da miliyoyin yara ke kallo har a Indunusiya. Game da tufafi kuwa, gaskiya ne wasu daga cikin masu shigar kwaikwayo, maza da mata, su kan sa abin da mai kunya zai kau da kai. Maganin wannan shi ne uba ya tafi da 'ya'yansa da kansa, ya zaɓi inda za su tsaya, kamar yadda ya ke yi in ya kai su bakin teku ran Salla. Wanda ya hana su zuwa ya kuma bar su da waya har tsakar dare, bai tsare kome ba.

Su ma masu shirya taron suna da nasu. In aka kai biki can Tsibiri, mutumin Agege sai ya hau mota biyu ko uku da 'ya'yansa, ga kuɗin abinci, ga na littafi, wanda ba shi da araha saboda tsadar takarda. Kusan kome da Turanci a ke yi, kuma duk da ƙoƙarin masu zanen gida, jaruman Amurka da Japan su ne suka fi yawa a jikin masu shigar kwaikwayo. Taron da ke son ya zama na Nijeriya duka ya kamata ya aika da goron gayyata zuwa Zariya da Kano da Jos, ya kuma sanar da kansa a shirye-shiryen Hausa na gidajen rediyo. Amma kuma ba a taɓa jin an kori wani daga ƙofa don ya zo da babbar riga ba. Tebur na haya ne, wanda ya biya shi ke zama.

Saurayin da ya yi niyyar shiga wannan sana'a, akwai labari guda da ya kamata ya riƙe. A 1938 wasu samari biyu a Amurka, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka sayar da haƙƙin mallakar Superman, wanda su suka ƙago shi, a kan dala 130. Kamfanin da ya saya ya tara dukiya mai ɗimbin yawa, su kuwa suka yi shekaru suna jeka-ka-dawo a kotu, sai a tsakiyar shekarun 1970 aka yanka musu ɗan fansho aka mai da sunayensu kan littafin. Marubutan Kano da 'yan fim sun san irin wannan ciwo a hannun 'yan kasuwa da masu satar fasaha. Duk wanda aka miƙa wa takarda a wurin irin wannan taro, kada ya sa hannu sai ya kai wa lauya ya karanta masa.

Abin da a ke bukata ba mai yawa ba ne. Sarakunan Hausawa na unguwannin Ikko da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Mil 12 da na mahauta da na 'yan canji, waɗanda ba su gajiya wajen tara kuɗin maulidi da na naɗin sarauta, suna iya ɗaukar hayar bas guda su kai 'yan makarantar unguwa tare da malamansu su ga abin da idonsu. Suna iya kama tebur guda, su nemo ɗalibai biyu ko uku daga Zariya, su biya musu kuɗin mota da na masauki. Alhaji guda daga cikin masu tirelolin shanu zai iya ɗaukar nauyin buga littafi mai shafi 24, Hausa a fuska ɗaya, Turanci a ɗaya, yadda ɗan Agege da abokinsa Bayarabe za su karanta tare a benci guda. Labarin Bayajida da na Gizo ba sai an nemi izinin kowa ba. Na Ganɗoki da Tauraruwa Mai Wutsiya kuwa suna da masu su, sai a tashi wakili ya tafi Zariya wurin kamfanin da ya buga su, ya kuma nemi iyalan marubutan, a yi magana a rubuta a takarda, tun da sauran watanni kafin taro mai zuwa.